Zaɓen jami'a ga ɗalibi makaho, kurma ko mai keken guragu

Idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, abin da ke damun iyayen yaro mai buƙata ta musamman shi ne ko zai iya zauna jarrabawar. Wannan kuwa an sauƙaƙa shi. Tun 2017 hukumar ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola wanda ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na daban, har da ta Jami'ar Bayero a Kano. Babban aikin yana bayan samun gurbi: shekara huɗu ko biyar na lacca, ɗakin kwana da jarrabawa. Shi ya sa nake ganin a fara duba irin taimakon da makaranta ke bayarwa kafin a duba sunanta.

Ga kurma, ni dai Jami'ar Ilori zan fara nuna wa. Tana da cibiya ta musamman ta tallafa wa kurame, mai masu fassara da maganar hannu waɗanda ke shiga aji tare da ɗalibi. Kurma a ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane ba tare da tafinta ba, zama kawai yake yi. Sai dai a sani, maganar hannun da ake amfani da ita a makarantu ta samo asali ne daga ta Amurka, kuma ta sha bamban da wadda kuramen Kano ke yi a gida da kasuwa. Yaron da ya yi makarantar kurame irin ta Tudun Maliki ba zai ji baƙunta sosai ba. Wanda bai yi ba yana buƙatar koyo kafin ya tafi. Nisan Ilori da kuɗin mota ma abin lissafi ne.

Akwai kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka buɗe a 1977. A can mai nakasa ba baƙo ba ne, malamai sun saba da shi. Amma malamai take horarwa. Idan yarinya lauya take son zama, kada a tura ta can don kawai an ga sauƙi.

Ga makaho, Bayero da Jami'ar Jos duk suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, ga su kuma kusa da gida. A nan ne iyaye da yawa ke yin kuskure. Samuwar sashen ba ta nufin taimakonsa yana kaiwa ga wanda ke karanta shari'a ko aikin jarida. A je wa shugaban sashen da yaron zai shiga, a tambaye shi dalla-dalla: malamai suna ba da darasi a fayil ɗin da kwamfuta za ta iya karantawa, ko hoton takarda kawai suke rabawa? A cikin manhajojin da ke karanta wa makaho rubutun kwamfuta da murya, NVDA kyauta ce, JAWS kuwa tana da tsada, amma duk cikinsu rubutu na gaske suke buƙata kafin su yi aiki yadda ya kamata. Ranar jarrabawa, da na'urar rubutun makafi zai rubuta, ko da kwamfuta, ko wani ne zai rubuta masa? Ana ƙara masa lokaci?

Mai keken guragu kuwa matsalarsa gini ce. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika, gyara bai kai ko'ina ba. A je da ƙafa a ga ɗakin laccar, a ga banɗaki, a nemi alkawarin gado a ƙasan bene a rubuce. Idan hakan ya gagara, Jami'ar NOUN ta karatu daga gida tana rage zirga-zirga sosai, kodayake tana buƙatar data da wuta, kuma yaro zai rasa zaman tare da abokan karatu.

Kafin a biya kuɗin rajista a ko'ina, a nemi ɗalibi mai irin wannan lalurar wanda ya kai aji uku a makarantar, a ji daga bakinsa.