Sola mai ƙwai uku da daren haihuwar tunkiyata

Ina sayar da wakena bayan kaka, cikin Nuwamba, na hau mashin sai Daura, na ɗauko ƙaramar solar nan mai ƙwai uku, faranti ɗaya da ɗan akwatin batir. Kuɗinta kam, kada ku sa in fama wa kaina ciwo. Mu nan ƙauyenmu, ta wajen hanyar Mai'adua, ko turken wuta ba a taɓa kafawa ba balle a ce an ɗauke, don haka ba don gayu na saya ba. Mai shagon har da dafa ƙirji: "Malam, ka kunna da magariba, sai dai ka kashe da hannunka da asuba."

Sati ukun farko kam ban ga ƙarya ba. Yara suna karatun allo a tsakar gida ba hayaƙi, na huta da kai waya caji kasuwa, maƙwabta ma suka mai da zaurena wurin ajiye wayoyi.

Sai hunturu ya sauko da gaske a ƙarshen Disamba. Kwana huɗu hazo ya lulluɓe gari, rana ta koma kamar farin faifai, kana kallonta ido cikin ido. Kukar bayan gidanmu ma ba a hangowa. A dare na huɗun, wajen ƙarfe 2, maiɗakina ta tashe ni, ta ce tunkiya na naƙuda. Uda ce, shekara biyu ina kiwonta. Na fito cikin jaura, haƙora na haɗuwa, na ciro ƙwai ɗaya na rataya a bakin garke. Ɗan farko ya faɗo lafiya. Na biyun ne ya zo da ƙafa ɗaya a lanƙwashe, na durƙusa na naɗe hannun riga ke nan zan gyara shi, ɗan jan hasken akwatin ya ƙifta sau biyu, komai ya ɗauke. Duhu ƙirin. Na laluba wayata, ashe ita ma tun yamma tana jone ba ta sha komai ba. Fitilar ƙwai kuwa mun jefa ta bayan rumbu tun ranar da sola ta shigo gida, ko ɗigon kananzir babu a cikinta.

Inna ce ta fito da bargo a ka, ta zaro kara daga dangar garken ta cusa a garwashin murhu. Ita ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ɗaga wutar a kaina ta ce, "Kai wannan, ranar taka da ka sayo ta faɗi ne?" Haka muka yi ta sauya kara, iska na kashewa ana sake hurawa, toka na zubo min a wuya. Kafin in fito da na biyun, na farkon da muka manta a gefe, jiƙe cikin sanyin nan, ya sandare. Mun kai shi bakin murhu, mun goge shi da tsumma, bai kai asuba ba.

Gari na wayewa na ɗaure akwatin a bayan mashin, ina ta shirya maganar da zan gaya wa mai shago. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, yaushe rabonka da goge farantin?" Na yi shiru. Tun da na ɗora shi a kan kwano ban sake hawa ba. Da na dawo na sa tsani, ƙurar da ke kansa ta isa mutum ya rubuta sunansa da yatsa, ga kashin tantabara. Kuma a kwance na shimfiɗa shi, alhali a wannan lokaci rana ta kudu take karkata, can ya kamata ya fuskanta a ɗan jingine. Ashe sanyi ba ya hana faranti aiki, ƙura da hazo ne ke tare masa haske, ni kuma ina ta jona wayoyin mutane shida a kan batirin da bai cika ba. Yanzu kowace safiya, kafin farantin ya ɗauki zafi, yarona na hawa da ruwan rijiya da tsumma mai laushi. Cikin kwana biyu solar ta soma dawowa hayyacinta. To, a nan kam na yarda laifina ne, har na ji kunyar faɗan da na tafi da shi.

Amma fa da na zauna na sake tunani, raina ya ƙara ɓaci. Mutumin nan a Daura yake zaune, ya san hazo sarai, ya sayar min a bakin hunturu, me ya hana shi faɗa min tun ranar? Takardar da ke cikin kwalin Turanci ce da rubutun Sin, ba kalmar Hausa ko ɗaya. Sannan batirin bai koma yadda yake ba. Irin mai nauyin nan ne, wanda in aka bar shi ya zuƙe ƙarƙaf sai ya raunana. Da yana kai mu asuba, yanzu in an kunna ƙwai uku da magariba, kafin ƙarfe 11 ya kwanta. Na koma da maganar garanti, ya ce ai ni na kashe shi, in kawo kuɗi a sa min mai lithiyam. Wayar farantin ma gajera ce, sai da na yi mata ƙari.

Haske dai tana bayarwa, ba zan mayar ba. Sai dai ƙwai ɗaya muke kunnawa yanzu, na hana cajin maƙwabta in akwai hazo, wasu har sun daina gaishe ni da fara'a. Fitilar ƙwan ma na ɗauko ta daga bayan rumbu, na wanke gilashin, na zuba mata kananzir, tana rataye a bakin garke, don akuyar Inna ma ta kusa.