Gargaɗi ga masu Nissan 350Z da 370Z: hattara da masu sayar da "na'urar ƙara ƙarfi" da ƙwayar rage shan mai

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023, kasuwar masu alƙawarin rage shan mai ta buɗe, kuma masu motocin tsere masu kujera biyu irin 350Z da 370Z suna cikin waɗanda aka fi farauta. Dalili kuwa a fili yake. Tankin 350Z lita 76 yake ci, mai motar yana jin nauyin cika shi, sannan yana son ƙarin gudu. Sai a zo masa a Facebook ko TikTok ko WhatsApp da abin da ake cewa zai ba shi biyun lokaci guda. Kayan da ake tallatawa iri-iri ne, wasu asarar kuɗi kawai suke jawowa, wasu kuma inji suke kashewa, don haka ya kamata a bambance su.

Wanda ya fi yawo shi ne ɗan akwatin roba da ake cusawa a soket ɗin OBD da ke ƙasan sitiyari, inda makanike ke jona na'urar binciken kwamfutar mota. Ana sayar da shi da suna Nitro OBD2, ruwan ɗorawa na fetur, ja na dizal, da ɗan'uwansa Eco OBD2 kore. A jikin kwalin an rubuta cewa yana ƙara ƙarfi da kashi 35 cikin ɗari, kuma sai an yi tafiyar kilomita 200 kafin ya "san" tuƙin mai mota. A yi lissafi: 350Z ta 2003 tana da ƙarfin doki 287. Kashi 35 na wannan ya kai doki 100. Masu neman irin wannan ƙari a injinta, wato VQ35DE, sai sun ɗora masa turbo ko supercharger, sun canza injekta da famfon mai, sun kashe kuɗin da zai sayi wata motar. Roba mai girman ashana ba ta yin wannan aiki.

A 2017 masana tsaron kwamfuta na kamfanin Quarkslab da ke Faransa sun farke Nitro OBD2 sun bincika cikinta. Ba su sami abin da zai iya magana da kwamfutar mota ba. Wuta kawai take ja daga soket, ta riƙa kunna 'yan fitilu uku suna ƙiftawa don mai kallo ya ɗauka aiki ake yi. Kilomita 200 ɗin nan kuwa dabara ce ta sayen lokaci, kafin ka gama su mai sayarwa ya cinye kuɗin. Ƙafa ta 16 a soket ɗin tana da wutar batir ko an zare makulli, shi ya sa fitilun ba sa mutuwa, kuma motar da ake ajiyewa sai ƙarshen mako tana iya wayar gari batir ya yi sanyi. Mai shakka ya roƙi mai sayarwa ya jona akwatin da batir mai bolt 12 a kan tebur ba tare da mota ba. Fitilun za su yi rawarsu kamar kullum.

Kafin a zo ga mai haɗarin, sai an fahimci maganar oktan, domin a nan ake yi wa mutane rufa-ido. Injin VQ35DE yana matse iska da mai sau 10.3, VQ35HR na 2007 zuwa sama sau 10.6, na 370Z kuma sau 11. Matsi mai yawa yana buƙatar man da ba ya kamawa da kansa kafin lokaci, wato mai oktan mai yawa. Littafin motar da aka shigo da ita daga Amurka yana neman 91. Dillali sai ya ce ai man gidajen manmu ma 91 ne, babu matsala. Ma'aunin ba ɗaya ba ne. Amurka tana amfani da ma'aunin oktan da ake kira AKI, mu da Turai muna amfani da wanda ake kira RON, kuma 91 na Amurka ya yi daidai da kusan 95 a namu. Namu 91 ɗin shi ne 87 ɗinsu, wanda littafin ya yarda a sa na wucin gadi kawai, kada a cika tanki da shi, kada kuma a take totur har ƙasa. Ga shi a yawancin gidajen manmu fetur kala ɗaya ne, babu zaɓi.

Abin da ke ceton waɗannan injuna a nan shi ne sensar ƙwanƙwasa. Idan mai ya fashe ba bisa lokaci ba a cikin silinda, ana jin ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, musamman a giya babba, totur a ƙasa, eyakondishan a kunne, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Sensar tana jin wannan girgiza tun kafin kunnen direba ya ji, sai kwamfuta ta jinkirta lokacin tartsatsin fulogi. Mota takan rasa ɗan ƙarfi, inji kuma ya tsira.

To wannan mai gadin ne 'yan damfara suke makantarwa, su kira shi "tunin". Hanya ta farko ita ce su tsinke wayar sensar zafin iska, wadda ke haɗe da sensar MAF mai auna yawan iskar da ke shiga inji, a bayan akwatin filtar iska, su saka rizisto, wato ɗan ƙaramin abin rage gudun wuta, a tsakani, su rufe shi cikin akwati mai kyau da tambari. Kwamfuta sai ta ɗauka iska mai sanyi ce ke shigowa alhali ana tsakiyar rana, ta ƙara mai, ta kuma gaggauta tartsatsi. Shan mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, ƙwanƙwasa ta samu ƙofa. Hanya ta biyu ta fi muni. A VQ35DE sensar ƙwanƙwasa tana can cikin kwarin inji, tsakanin layukan silinda biyu, sai an sauke manifol kafin a kai gare ta. Idan ita ko wayarta ta lalace, lambar matsala P0327 ko P0328 za ta fito a sikana, wato na'urar karanta kwamfutar mota, kwamfuta ta koma taka-tsantsan, mota ta yi nauyi. Maimakon a canza ta, sai a cire soket a toshe da rizisto mai kilo-om 560, wanda bai kai kuɗin ledar ruwa biyu ba a shagon gyaran rediyo. Lamba ta ɓace, ƙarfi ya dawo nan take, mai mota ya zagaya unguwa ya dawo yana godiya. Daga ranar injin ba shi da mai ji masa ciwo. Ƙwanƙwasa za ta ci gaba tana dukan fistin har ta karya gaɓar da ke riƙe ringi, ta dake metal ɗin konrod, ko ta ƙona gasket. Takan ɗauki makonni ko watanni, kuma idan injin ya yi nokin sai a ɗora wa man gidan mai laifi.

Gano na farko ba wuya. Da sassafe kafin a tayar da mota, a jona sikana a duba zafin iska da zafin ruwan inji. Ya kamata su zo kusa da juna, kusa kuma da zafin gari. Idan ruwa na nuna 28 iska na nuna 10, an taɓa waya. Na biyu mitar auna wuta ba ta kama shi, domin sensa mai lafiya ita ma kusan kilo-om 560 take nunawa, shi ya sa dabarar ke cin nasara. Sai makanike ya bi wayar da ido da hannu daga babban kunshin wayoyi har inda ta shige ƙarƙashin manifol, ya nemi wurin da aka naɗe da sabon salatif.

Ƙwayoyin da ake jefawa a tanki tsohon zance ne. A 2006 hukumomin jihar Texas ta Amurka sun gurfanar da kamfanin BioPerformance, wanda ke sayar da irin wannan ƙwaya ta hanyar "kawo mutum a ba ka kamasho", bayan gwaji ya nuna akasarinta naftalin ce, sinadarin da ake sawa a akwatin tufafi don korar asu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urorin rage shan mai sama da 100, har da maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, ba ta sami wadda ta yi tasirin a zo a gani ba. Kwalaben ƙara oktan kuma a karanta su da kyau: wanda ya ce yana ƙara "maki 3" sau da yawa 0.3 yake nufi, daga 91 zuwa 91.3. Masu aiki da gaske yawanci suna ɗauke da wani sinadari mai suna MMT, wanda ke barin jan tsatsa a kan fulogi, kuma yawan amfani da shi yana toshe sensar oksijin da indomin salansa mai tace hayaƙi.

Shi kansa man ana iya gwada shi. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci da dama suka lalace. A sami kwalba mai ma'auni, a zuba ruwa mililita 10, a ƙara fetur 90, a girgiza, a ajiye minti goma. Idan layin ruwan da ke ƙasa ya haura 10, akwai barasar sinadari a man, kuma yawan haurawar shi ke nuna yawanta. Wannan gwaji ba ya auna oktan. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka cikin rana kada ya shiga wannan mota.

Tunin na gaskiya yana nan, kuma yana da alamomi. Ana sake rubuta kwamfutar motar ne da manhaja mai lasisi irin UpRev ko EcuTek, ana ajiye fayil ɗin asali a ba mai mota, ana auna rabon iska da mai, ana duba rikodin ƙwanƙwasa a kan na'urar dayno mai auna ƙarfin inji ko a titi, kafin aiki da bayansa. A injin da ba shi da turbo ƙarin ɗan kaɗan ne, mai gaskiya zai faɗa tun farko. A ra'ayinmu ma, tunin da ya dace da manmu da zafinmu shi ne wanda zai rage gaggawar tartsatsi ya daidaita injin da 91, ko da za a rasa doki kaɗan. Fayil ɗin da aka turo ta WhatsApp da sunan "Stage 1" galibi an rubuta shi ne don man Amurka mai 93, wato kusan 98 a namu. Ɗora shi a nan daidai yake da toshe sensar da rizisto.

Mai shirin saye kada ya ba da kafin alƙalami sai an yi gwaji huɗu. A murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, fitilar inji dole ta kama sannan ta mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba an kashe ta ne. A sikana a duba ko na'urorin binciken kai sun kammala, domin idan da yawa suna nuna ba su shirya ba, yanzu aka goge lambobi. A auna matsin silinda shida da injin a ɗumi: a VQ35DE ƙa'ida 185 psi, mafi ƙaranci 142, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 14. Sai matsin baƙin mai da geji na hannu, sama da 14 psi a silo, sama da 43 a juyi 2,000 a minti. A VQ35HR da 370Z ƙarancinsa yakan nuna fashewar gasket ɗin hanyar mai da ke bayan murfin taimin, aikin da sai an kwance gaban inji. Wasu VQ35DE na 2005 da 2006 masu giyar hannu sun yi suna wajen shan baƙin mai, don haka a duba sandar awo duk cika tanki biyu. Injin VQ35DE yana ɗaukar lita 4.7 na 5W-30 tare da filta, fuloginsa NGK PLFR5A-11, kuma jabunsa ya cika kasuwa, sai a saya inda za a ba da rasit. Idan makanike ya ce a cire tamosta saboda zafin ƙasarmu, a ƙi. A wanke lagireto, a sa ruwan sanyaya inji na gaske, a tabbatar fanka biyun suna juyawa. Wajen wuce babbar mota kuma a sauko giya ɗaya ko biyu tukuna, juyi ya haura 3,000, sannan a taka.