Bita: PHD2 da kyamarar ASI120MM Mini wajen bin tauraro, abin da suke gyarawa da abin da ya fi ƙarfinsu

A idonmu sama tana juyawa da kusan daƙiƙar kusurwa 15 a kowane sakan, ita kuwa daƙiƙar kusurwa kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri. Aikin mazaunin madubin hangen nesa shi ne ya bi wannan juyi sau da ƙafa, amma babu mazauni mai matsakaicin kuɗi da ke yin haka daidai wa daida. Sandar nan mai murɗaɗɗen zare da ke tura babbar giya ba ta fitowa daga masana'anta a zagaye cif, don haka a kowane zagaye mazaunin yakan ɗan wuce tauraro, sannan ya ɗan ja baya. A mazaunin EQ6-R mai giya mai haƙora 180, zagaye ɗaya na sandar sakan 479 ne. A mazaunin HEQ5 mai haƙora 135, sakan 638. Ka bar kyamara a buɗe minti biyar, wannan kai-komo zai mayar maka da taurari 'yan sanduna maimakon ɗigo-ɗigo.

Kayan da mafi yawan masu farawa suke haɗawa don maganin wannan guda uku ne: ƙaramin madubin jagora na kamfanin ZWO mai faɗin milimita 30 da tsawon fokas milimita 120, kyamarar ASI120MM Mini, da manhajar PHD2. Craig Stark ne ya rubuta PHD ta asali, PHD2 kuma masu sa-kai ne ke ci gaba da ita, kyauta ce, tana aiki a Windows da macOS da Linux. Tana ɗaukar hoton tauraro duk bayan 'yan sakan, ta auna inda ya gusa, ta umarci mazauni ya dawo da shi. Hukuncina a kan haɗin nan: ga mai ɗaukar hoto da madubi mai tsawon fokas ƙasa da milimita 600 ko makamancin haka, ya wadatar sarai, ba sai ka nemi wanda ya fi shi tsada ba. Amma kuskure mai tafiya a hankali kaɗai yake iya gyarawa, kuma yawancin waɗanda ke kuka da shi matsalarsu tana jikin ƙarfe ne, ba cikin manhaja ba.

Kyamarar baƙi-da-fari ce, fiksel 1280 a 960, kowane fiksel mikron 3.75, jikinta siriri ne mai shiga ramin inci 1.25 kamar gilashin leƙe. Kafin ka taɓa komai ka yi lissafi ɗaya: girman fiksel sau 206.265, a raba da tsawon fokas. A nan 3.75 sau 206.265 a raba da 120 ya ba da kusan daƙiƙar kusurwa 6.4 a kowane fiksel. Adadin ya yi kama da babba, musamman idan babbar kyamararka mai fiksel 3.76 ce a kan madubin milimita 400, inda kowane fiksel bai kai daƙiƙa 2 ba. Abin da ya cece shi shi ne PHD2 ba ƙirga fiksel take yi ba, tsakiyar hasken tauraro take lissafawa, kuma idan tauraron ya fito sosai tana gano motsin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na fiksel ba. Filin da kyamarar ke gani ya kai digiri 2.3 a 1.7, shi ya sa da wuya ka juya madubi wani wuri ka rasa tauraron jagora.

Fokas ɗin ƙaramin madubin shi ne abin da ake yi wa riƙon sakainar kashi. Ana murza gaban madubin ne a ɗaure da zoben kulle, kuma gara a fara da rana a kan wani abu mai nisa, don da dare idan fokas ya yi nisa ba za ka ga komai a allo ba, sai ka ɗauka kyamarar ce ta lalace. Da dare sai ka kalli adadin HFD, wato ma'aunin faɗin ɗigon tauraro, a tagar siffar tauraro, ka murza har ya yi ƙasa iyakar yinsa. Idan saman zanen tauraron ya baje kamar tebur, haske ya cika fiksel, lissafin tsakiya ya lalace ke nan. Ka bar manhajar ta zaɓi tauraro da kanta, ta fi ido iya wannan. Ka kuma yi mata hotunan duhu tun ranar farko da murfi a rufe, domin sansar wannan kyamara, wato farantin da ke karɓar haske, tana da fiksel masu lahani da ke haske su kaɗai, kuma PHD2 na iya kama ɗaya ta riƙe a matsayin tauraro. Alamarsa layin zanen jagora, wanda ke nuna gusawar tauraro, ya miƙe sambal a allo, hoton kuwa ya fito duk ja-ja.

Kyamarar tana da ramin ST4 da ke kai umarni kai tsaye zuwa mazauni. Shawarata ka bar wannan waya a kwali. Ka haɗa mazaunin da kwamfuta ta ASCOM ko INDI, manhajojin da ke sada kwamfuta da kayan hangen sama, saboda ta nan ne PHD2 ke sanin inda madubi ya dosa da gefen da yake. Mazauni yana juyawa ta hanya biyu: RA, wato gabas da yamma, da Dek, wato arewa da kudu. Motsin RA yana raguwa yayin da ka matsa kusa da cibiyar juyin sama: a digiri 60 na Dek rabi yake komawa. Manhajar da ta san wurin za ta gyara lissafin da kanta, awon farko guda, wanda manhajar ke yi don koyon motsin mazauni, ya yi maka dare da yawa muddin ba ka juya kyamarar ba. Da ST4 kuwa sai ka sake awo a kowane sabon wuri.

Shi awon farkon, nan ne manhajar ke tura mazauni yamma da gabas, arewa da kudu, don ta koyi alkibla da saurin kowace sanda. A yi shi kusa da ikwaitar sama, kusa da layin da ya raba gabas da yamma, inda motsin RA ya fi fitowa. Sabbin sigogi suna da Calibration Assistant da ke kai madubi wurin da kansa. Idan da hannu za ka yi, motsinka na ƙarshe kafin farawa ya zama zuwa arewa, har sai ka ga taurari sun gusa a allo, don haƙoran Dek su riga su manne. Bayan an gama ka buɗe zanen awon: layuka biyu ne da ya kamata su haɗu kamar kusurwar bango. Karkata fiye da digiri 10 alama ce cewa akwai abin dubawa, galibi giɓin da ke tsakanin haƙoran giya ko rashin daidaita cibiya, wato saita sandar RA ta dubi cibiyar juyin sama. Saurin jagora a saitin mazauni kada ya gaza rabin saurin sama, wato 0.5, kuma 0.9 ya fi wa yawancin mazaunai.

Inda PHD2 ta fi burge ni shi ne Guiding Assistant. Yana dakatar da gyara gaba ɗaya ya zuba ido ya ga yadda mazauni ke tafiya shi kaɗai. Minti biyu sun isa ya auna rawar iska, amma idan kana son ganin kuskuren giya sai ka bar shi ya wuce zagaye guda, minti takwas a EQ6-R, kusan sha ɗaya a HEQ5. Daga nan zai faɗa maka nisan da cibiyarka ta kauce, ya auna giɓin Dek, ya ba da shawarar mafi ƙanƙantar motsin da ya cancanci gyara. Wannan na ƙarshe da fiksel ake rubuta shi, kuma a wannan ƙaramin madubi 0.2 na nufin kusan daƙiƙa 1.3, wanda ba kaɗan ba ne. Kada ka kwafi adadin wani mai madubi daban, ka karɓi wanda aka auna maka.

Rawar iska ita ce tarkon da ke kama kowa. Iskar sama tana sa tauraro tsalle-tsalle sau da yawa cikin sakan guda, kuma babu mazaunin da zai iya binta. Mai ɗaukar rabin sakan yana auna tsallen ne, ya aika gyara bayan tauraron ya riga ya koma wurinsa, sai mazauni ya ture shi ɗaya gefen. A allo za ka ga layi kamar haƙoran zarto, gyara sama, gyara ƙasa, ba hutu. Maganinsa tsawon ɗauka na sakan 2 zuwa 4, wanda ke narkar da tsallen. Tun sigar 2.6.10 manhajar tana iya bin taurari da yawa a lokaci guda ta ɗauki matsakaicinsu, kuma wannan ya rage matsalar ƙwarai, ka tabbata yana kunne. Mazaunai masu giyar hamonik irin su AM5 daban suke: kuskurensu yana sauyawa da sauri, don haka sukan so ɗaukar sakan ɗaya ko ƙasa da haka.

Sandar RA ba ta juya baya yayin jagora, sauri kawai take ƙarawa ko ragewa, shi ya sa giɓin haƙora bai cika damunta ba. Tsarin Hysteresis da manhajar ke zuwa da shi, mai ƙarfin gyara kashi 70 cikin ɗari, yana aiki lafiya. Wanda ya fi shi a mazauni mai giyar murɗe shi ne Predictive PEC, wanda ke koyon zagayen giyar ya tari kuskuren kafin ya iso, sai dai yana bukatar zagaye biyu ko makamancin haka kafin ya kama hanya, don haka kada ka yanke masa hukunci a minti biyar. Ka ɗan rinjayar da nauyi gefen gabas kaɗan, yadda haƙora za su zauna a manne maimakon su riƙa shawagi.

Dek ce mai taurin kai. A tsaye take, kuma duk sanda za ta sauya alkibla sai injin ya cinye giɓin da ke tsakanin haƙora kafin madubi ya motsa. A ce giɓin daƙiƙar kusurwa 15 ne: a saurin 0.5 sai injin ya yi sakan 2 cur yana juyi a banza. A zane za ka ga jan layin Dek ya kauce, gyara na ta taruwa ba amsa, sai kwatsam ya faɗo ya zarce ɗaya gefen. Idan giɓin bai kai sakan 3 ba, manhajar tana iya cike shi da ƙarin turi a duk sauyi. Idan ya wuce haka, ka sa ta yi gyara ta gefe ɗaya kawai, arewa ko kudu, akasin inda tauraro ke sulalewa, ka tuna kuma alkiblar tana sauyawa bayan madubi ya juya ɗaya gefen. Gyara na gaskiya shi ne a matso da sandar murɗe kusa da giyar da sukurorin saitinta, kaɗan-kaɗan, a zagaya sandar gaba ɗaya bayan kowane murzawa. Giyar ba daidai take a ko'ina ba, inda ya yi lako-lako a wannan gefe yana iya cijewa a wancan, kuma cijewa ta fi giɓi illa.

Game da daidaita cibiya, ba sai an wahalar da kai ba. Kaucewar mintin kusurwa 5 tana jawo sulalewar da ba ta wuce daƙiƙa 1.3 a minti ba, wadda jagora ke sharewa cikin sauƙi. Har ma tana taimakon mai gyara ta gefe ɗaya, tunda tauraro zai riƙa gusawa alkibla guda.

Aibin PHD2 a wurina shi ne yawan maɓallan da ta baje a gaban mutum, tare da adadin RMS, wato matsakaicin kaucewar tauraro a daƙiƙar kusurwa, da ke sauyawa a kowane sakan. Sai ka ga an kwana ana murɗa saiti don a sauko daga 0.9 zuwa 0.7, alhali kyamarar da ke ɗaukar daƙiƙa 2 a fiksel ba za ta nuna bambancin ba. Muddin RMS yana ƙasa da ma'aunin fiksel ɗin babbar kyamara, kuma RA da Dek sun yi kusa da juna, taurari za su fito zagaye. Idan za ka sauya saiti, ka sauya ɗaya, ka bar shi minti 15, ka duba tarihin daren da PHD2 Log Viewer da safe. Tsalle guda babba da ke zuwa ba zato yawanci waya ce ta maƙale a jikin mazauni, ko iska ta bugi madubi, ko ƙafar mazauni ta nutse a ƙasa mai laushi.

Akwai kuma abin da manhajar ba ta da idon ganinsa sam. Tana riƙe tauraro ne a ƙaramin madubi, ba a babba ba. Idan takalmin da ƙaramin ke zaune a kai yana da wasa, ko wayar USB tana jan kyamarar, ko bututun fokas na babban madubi yana sunkuyawa da nauyi, madubai biyun za su goce wa juna. A milimita 400, gocewar mikron 4 kacal ta kai fiksel guda. Gane shi ba wuya: zanen jagora lafiya lau, taurari dogaye, kuma idan ka jera hotunan daren ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka ga filin yana tafiya gefe guda a hankali. Ka ɗaure takalmin da sukurori biyu, ka ɗaure wayoyi a jikin madubi yadda nauyinsu ba zai rataya a kan kyamara ba.

Daga milimita 1,000 zuwa sama, da duk madubi samfurin SCT (Schmidt-Cassegrain) wanda babban gilashinsa ke ɗan motsi a ciki, ƙaramin madubin nan ya kai iyakarsa. Can sai OAG, ɗan firizam da ke tsakuro haske daga gefen babban madubin kansa, ta yadda duk gocewa kyamarar jagora za ta gan ta. A nan ne tsufan ASI120MM Mini ke bayyana: sansarta milimita 4.8 a 3.6 ce kawai, kuma a bayan firizam filin yakan ƙuntata har a rasa tauraro. ASI220MM Mini mai fiksel mikron 4 ta fi ta kama haske mai rauni, ASI174MM Mini kuma mai fiksel 5.86 ta fi su duka faɗin sansa, sai dai tana bukatar OAG mai babban firizam kafin haske ya cika ta.