Hattara da masu sayar da jabun filtar kyamara don hoton taurari da tsaunuka

Jama'a masu ɗaukar hoto, a yi hattara da tallan da ke yawo a intanet na wata filta da ake cewa da an ɗaura ta a bakin lens, taurari za su fito fes ko a tsakiyar birni. Ƙarya ce. Filta ba ta ƙara haske, ragewa take yi. Hotunan da suke tallan da su kuwa, yawanci a daji mai duhu aka ɗauke su, ko an haɗa su a kwamfuta.

Filtar dare ta gaskiya tana nan, amma aikinta yana da iyaka. Ana yin ta da gilashi mai sinadarin neodymium, wanda ke tare hasken ruwan ɗorawa na tsofaffin fitilun titi masu sodiyam, mai tsawon zango kusan nanomita 589. Fararen fitilun LED kuwa haskensu ya bazu a dukkan launuka, don haka ba za ta tare shi ba tare da ta tare na taurarin ba. Duk wanda ya ce tasa tana kashe hasken LED gaba ɗaya, zaƙin baki yake yi maka. Jabun ba komai ba ce illa gilashin banza da aka rina da shunayya. Gwajinta ba wuya: leƙa fitilar sodiyam ta cikinta. Ta gaske za ta dusar da fitilar ƙwarai, sauran abubuwa su kasance a bayyane, jabu kuma komai take dusarwa daidai wa daida. Gilashin neodymium yana kuma sauya launi, a hasken rana ya yi ja-ja, a ƙarƙashin doguwar fitilar fuloresen ya koma shuɗi-shuɗi. Rinannen gilashi launinsa ɗaya ko'ina.

Inda aka fi cutar mutane shi ne filtar ND, wadda ake rage haske da ita don ruwan kogi ya fito sumul kamar auduga. Lambarta lissafi ce: ND8 mataki 3, ND64 mataki 6, ND1000 mataki 10, kowane mataki yana raba haske biyu. Kafa kyamara a kan ƙafarta, ka tsayar da ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) da buɗewar lens, ka auna babu filta. Idan ta ba ka 1/125 na daƙiƙa, da ND1000 ya kamata ta nemi kusan daƙiƙa 8. In ta tsaya a daƙiƙa 1, mataki 7 aka sayar maka da sunan 10. Sannan ka ɗauki hoton farar takarda. Jabu tana barin hasken infrared, wanda ido ba ya gani, ya wuce, sai hoton ya rine da ja ko ruwan ƙasa, ganyen itace ya yi kamar ya bushe, kuma gyaran wannan a kwamfuta wahala ce babba.

Kwali kada ya ruɗe ka, domin har sunayen manyan kamfanoni irin su Hoya da B+W ake kwaikwaya. Duba gilashin da kansa. Karkata shi a ƙarƙashin ƙwan fitila: mai shafi na gaske, wato siririn shafin da ake yi wa gilashi don kada ya mayar da haske, yana nuna inuwar fitilar dishi-dishi, kore ko shunayya, marar shafi kuma yana dawo da ita fara tas, don kowace fuskarsa tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske. Shi ya sa wata ko fitila ke fitowa biyu a hoton dare. Ka kuma ɗauki hoton rubutu mai nisa da lens na milimita 200, da filta da babu. In rubutun ya yi hazo, gilashin ba a miƙe yake ba, kuma taurari ma haka za su fito, a jaye. Filtar CPL kuwa, mai rage ƙyallin ruwa da gilashi, juya ta a gaban allon kwamfuta na LCD, dole allon ya yi baƙi a wani wuri.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Mai sayarwa da ya janye ka daga shafin ciniki ya ce ka tura kuɗi kai tsaye, ko ya ƙi yarda da mayar da kaya, rabu da shi. Ka yi gwajin nan ranar da kaya suka iso, ka ajiye hotunan a matsayin shaida.

Mafi haɗari su ne masu tallan ND1000 a matsayin filtar husufin rana. Filtar rana ta gaske tana rage haske kusan sau 100,000, sama da mataki 16, tana kuma tare haskoki masu cutarwa da ido ba ya gani. Leƙa rana ta madubin leƙawa na kyamara da ND1000 yana iya ƙona ido cikin ƙanƙanin lokaci, ba tare da mutum ya ji zafi ba.