Awon ciki a asibitin unguwarmu: abin da na gani a matsayina na maigida

Sai a cikin Maman Abba na uku na san ƙofar ɗakin awo. A na fari gidansu ta tafi goyon ciki, albishir kawai aka aiko min. A na biyu kuɗin adaidaita sahu nake ajiye mata in wuce shago. Wannan karon ta dawo daga awon farko ta ce, "Baban Abba, Sista ta ce zuwa na gaba sai da kai." Na ji nauyin abin, don mun taso ana ganin wurin nan na mata ne. Amma na je, kuma tun daga ranar ban sake fashi ba.

Ƙaramin asibitin gwamnati ne a unguwarmu nan Kano, ɗakin awo ɗaya, ɗakin haihuwa ɗaya, sai ɗan wurin gwajin jini. Ranar da na fara zuwa mata sun cika benci har ƙasa, maza mu uku ne kacal. Da layi ya zo kanmu sai Sista ta ce in shigo, ta jawo min kujera. Ta naɗa wa matata abin awon jini a dantse, ta juyo min da fuskarsa ta ce, "Malam, karanta da kanka." Daga nan ta buɗe katin awo ta nuna min inda ake rubutawa, ta ce duk ranar da na ga ya kai 140 a kan 90 to ba abin wasa ba ne. Abin da ya fi ƙayatar da ni da wurin ke nan: ba sa ɗaukar miji a matsayin mai biyan kuɗi kawai, aiki suke ba shi a hannu.

Ta lissafa min alamomin da ba a kwana da su a gida: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, fashewar faya kafin lokaci, zazzaɓi, da kuma idan yaro ya rage motsi. Ta ce jijjigar da wasu ke ɗauka iska ce a tsaya ana hayaƙi, yawanci hawan jinin ciki ne ke kawo ta, kuma akwai allurarta a asibiti. Maganar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta izini. Ta ce mata da yawa suna zaune naƙuda na cin su saboda maigida ba ya nan, babu mai cewa a fita. A gabanta na ce wa Maman Abba, dare ko rana, ina nan ko ba na nan, na yarda ta tafi.

An ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro wanda a gabansu ake haɗiya, da allurar tetanus. Ni ma an gwada rukunin jinina, aka ce in tanadi wanda zai iya bayarwa idan buƙata ta taso. A nan na ji cewa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shawarar zuwa awo sau takwas maimakon huɗu.

Akwai gyara, kuma ba kaɗan ba. Babu wurin zaman maza, a gindin darbejiya muke tsayuwa cikin rana, wanda ya bar sana'arsa kuwa ba zai jure haka sau biyu ba. Mai ba da kati tana da faɗa, na ga ta daka wa wata yarinya mai cikin fari tsawa har ta yi hawaye. Hoton ciki sai an fita waje a biya. Ranar haihuwa kuma wuta ta ɗauke, da fitilar caji aka ƙarasa.

Ba a barin maza shiga ɗakin haihuwa, kuma na fahimci dalili, gadaje a jere suke da matan wasu. Sai dai ungozomar ba ta bar ni cikin duhu ba. Sau uku tana leƙowa ta ce, "Baban Abba, ana samun ci gaba, a ci gaba da addu'a." Da asuba ta miƙo min 'yata a naɗe cikin zani na yi mata huɗuba a kunne, sannan ta ba ni maganin shafa wa cibiya, ta ja kunnena kada a sa man goge baki ko a gasa ta da tsumma mai zafi.

Wanda zai raka iyalinsa ya isa kafin ƙarfe bakwai, ya riƙe kati da ruwan sha. Talata mai zuwa yarinyar za ta cika sati shida, ranar rigakafi ce, na riga na gaya wa yaron shagona shi zai buɗe.