RSpec ko BASS: wace manhaja ta dace da mai auna hasken taurari daga Katsina?

Duk wanda ya ɗaura Star Analyser 100, gilashin da ke rarraba haske zuwa launukansa, a gaban kyamararsa ya saita tauraro, zai ga ɗigon tauraron a gefe guda, sai wani siririn zare mai launin bakan gizo ya miƙe kusa da shi. Wannan zaren shi ne bakan hasken tauraron. Gilashin kansa aikin kamfanin Paton Hawksley ne na Ingila, tsagi 100 a kowace milimita, kuma murɗa shi ake yi a mazaunin inci 1.25. Sai dai zaren ba zai gaya maka komai ba sai manhaja ta mayar da shi zanen layi mai hawa da gangara. Ni daga saman benen gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura nake aiki, da ƙaramin madubin hangen nesa da tsohuwar laftof mai Windows, saboda haka ra'ayina na mai irin wannan hali ne.

RSpec ta Tom Field ce, Ba'amurke. Abin da ya sa nake ganin girmanta shi ne tana zana layin nan take, kyamara na ɗauka kana kallo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin inda ɗigon tauraro ya fi fitowa tsaf ba nan ne bakan hasken ya fi fitowa ba. Da RSpec, hannunka na kan maɓallin fokas, idonka na kan ramin haidirojin a layin, wato wurin da iskar haidirojin ta tauraron ta shanye haske, kana murɗawa a hankali har ramin ya yi zurfi. Mai koyo zai gane abin da yake yi a daren farko. Ana ba da gwajin kwana 30 kyauta, bayan nan sai ka biya abin da ya haura dala 100, kuma kowa ya san nauyin dala a aljihun mai karɓar albashi da naira.

BASS kuwa, wadda John Paraskeva ya rubuta, kyauta ce, ita ma a Windows take aiki. Ba ta riƙe hannunka kamar RSpec. Ka ɗauki hotunanka, ka shigo da su, ka miƙar da zaren idan ya karkace, ka zaɓi inda za a auna da inda za a cire hasken sararin sama. Wannan cirewar tana da muhimmanci a cikin gari, inda fitilun sola na titi suke haske har asuba. Daga nan sai awo. Da tauraron Vega ake farawa saboda layukan haidirojin nasa a fili suke: ka gaya wa manhajar cewa ɗigon tauraron sifili ne, babban ramin da ke tsakanin shuɗi da kore kuma angistirom 4861 ne (angistirom ma'aunin tsawon zangon haske ne). Sauran sai su faɗa mazauninsu, 4340 da 4102 ta wajen shuɗi, 6563 ta wajen ja. Can kusa da 7600 za ka ga wani rami mai faɗi. Wannan ba na tauraron ba ne, iskar oksijin ce ta duniyarmu.

Inda BASS ta zauna mini a rai shi ne gyaran son kai na kyamara da na iska. Kyamara ba ta ganin launuka daidai wa daida, iska kuma tana cin shuɗi fiye da ja, balle tauraro ya yi ƙasa. Mu nan ga hazo a kai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura takan dushe hasken, kuma na jiya daban, na yau daban, wani lokaci ma na bayan isha'i ya bambanta da na tsakar dare. Maganin shi ne kowane dare ka ɗauki tauraron da aka san bakansa, a tsayin da ya yi kusa da na wanda kake nema, ka raba naka da na ma'ajiyar manhajar, ka sulɓe layin da ya fito, ka gyara sauran da shi. A hunturu Sirius nake amfani da shi, wato Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi, aya ta 49. Ka dai taƙaita lokacin ɗauka don haskensa na cika kyamara. Bayan gyara sai ka dubi Betelgeuse, jan tauraron nan, ka ga manyan ramukan titaniyam okzaid sun jeru a layinsa. RSpec ma tana wannan aikin, kuma da kyau. Amma a BASS zan jera layukan darare daban-daban a fuska ɗaya, in adana su a matsayin aiki guda, in dawo gobe in ci gaba, ban biya ko kwabo ba, ban kuma buƙaci data ba bayan saukewar farko.

Akwai ISIS ta Christian Buil da Visual Spec ta Valérie Desnoux, duka daga Faransa, duka kyauta. ISIS ta fi ƙarfi, amma ta fi dacewa da mai na'ura mai siririyar ƙofar shigar haske irin Alpy 600 ta kamfanin Shelyak, mai son tura sakamakonsa rumbun BeSS, ma'ajiyar bakan taurari ta cibiyar binciken taurari ta Faris. Mai Star Analyser kaɗai, bai kai lokacin buƙatarta ba tukuna.

Ga ɗan'uwan da zai fara, kada ka ƙona kwana 30 ɗin RSpec a watan Agusta, gajimare zai cinye maka rabinsu. Bari sai Oktoba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauka ba, Vega na nan sama ta arewa maso yamma bayan isha'i. Ka koyi fokas da awo a kan Vega da RSpec, sannan ka juya arewa maso gabas ka nemi Gamma Cassiopeiae, wanda Angelo Secchi ya gano a 1866 cewa layin haidirojin nasa haske yake yi maimakon duhu; a 6563 tsini za ka gani ba rami ba. Ka ajiye hotunan a tsarin FITS, nau'in fayil na hotunan taurari, domin in gwajin ya ƙare su za ka buɗe a BASS.