Takardar da Aka Manna a Ƙofar Gidan Kiɗan Rok a Ingila

Farar takarda ce guda ɗaya, irin wadda ake fotokwafi da ita, an manna ta da salatif a ƙofar shiga. Layi huɗu ne a jikinta: buɗe ƙofa ƙarfe 7:00, masu share fage 7:45, manyan makaɗa 9:00, tashi 11:00. 'Yan'uwa, duk abin da ke cikin gidan nan, fitilu da hayaƙi da jita mai ƙara kamar tsawa, ba wanda ya kai wannan takarda ɗaure kai, domin abin da ta faɗa shi ake yi. Ƙarfe tara fitilu za su mutu, mai ganga ya buga sandunansa sau huɗu, a fara. Kafin sha ɗaya ta cika an kunna fararen fitilu, masu shara sun shigo da tsintsiya, ko da mutum dubu uku suna ihun a ƙara musu waƙa ɗaya.

Dalilin ba kirkin makaɗan ba ne. Kowane gidan wasa yana aiki da lasisi daga ƙaramar hukuma, kuma a cikin lasisin an rubuta lokacin da kiɗa zai tsaya saboda maƙwabta. In aka saba, lasisin ne a cikin haɗari. Ga kuɗin ƙarin lokaci na ma'aikata, ga jirgin ƙasa na ƙarshe da 'yan kallo za su kama. Saboda haka makaɗin da ya makara da minti ashirin, daga waƙoƙinsa za a yanke minti ashirin ɗin, ba daga barcin jama'a ba. Mu kuwa sai a buga kati a ce "bayan sallar Isha", mutane su zauna a kan kujerun roba har sha biyun dare ana jiran wani babban baƙo wanda ko wanka bai yi ba. Wanda ya zo a kan lokaci shi ake hukuntawa, kuma mun saba har ba ma jin zafin abin.

Da dama daga cikin gidajen tsofaffin silima ne da aka mayar wuraren kiɗa. Apollo na Mancesta an buɗe shi a 1938, yana ɗaukar mutum 3,500. Na Hammersmith a Landan tun 1932 yake, na Brixton kuma tun 1929. Fasalinsu kusan ɗaya ne: ƙasa fili ne na tsayuwa wanda ya ɗan gangara zuwa dandamali, sama kuma bene ne mai kujeru masu lamba. Gini ya haura shekara tamanin amma famfon bayi yana kawo ruwa. Wannan ma abin a tsaya a yi tunani ne.

Tikiti shi ne wurin da ran mutum ke fara ɓaci. A intanet ake saye, wani lokaci wata shida kafin ranar. Za ka ga an rubuta fam 45, kafin ka kai ga biya an ɗora kuɗin hidima, kuɗin gini, kuɗin sarrafa oda, sai ka tarar ya doshi fam 55. Akwai kuma tsarin da farashi ke hawa gwargwadon yawan masu nema. A 2024, da aka sa tikitin ƙungiyar kiɗan rok ta Oasis a kasuwa, wanda ake sayarwa wajen fam 150 ya haura fam 350 alhali mutane na kan layi, har sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta buɗe bincike. Wannan cin amana ce ko a ina aka yi ta. Tikitin kuma a waya yake, lambar da ake haskawa tana sauyawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, don haka hoton da wani ya ɗauka ya turo maka ta WhatsApp ba zai buɗe ƙofa ba. Nan ne ake damfarar sababbin zuwa. A cika waya da caji, a sauke tikitin tun daga gida, domin a bakin ƙofa sabis yakan yi rauni saboda cunkoso.

Jaka kada ta wuce girman takardar A4. Za a buɗe ta, a shafa jikinka da na'ura, a karɓe gorar ruwa da abinci da babbar kyamara. Tun harin da aka kai babban zauren wasanni na Manchester Arena a watan Mayun 2017, wanda ya kashe mutum 22, ba a wasa da wannan bincike. Kuma in ka fita ba ka dawowa. Wannan ya shafi salla kai tsaye. A lokacin sanyi ba matsala, magariba na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, ka yi Isha kafin ka bar gida. Amma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, daidai lokacin da kiɗa ya yi nisa, kuma da wuya ka sami ɗakin salla a irin waɗannan gidaje. Mai kula da addininsa ya duba kalanda kafin ya biya kuɗi.

Mu koma ga takardar nan, domin sirrinta yana cikin rabin awar da ke tsakanin masu share fage da manyan makaɗa. Tun da rana an sauke kaya daga mota, an rataye lasifikoki a sama jere-jere kamar carbi, kowace an karkata ta ga wani sashe na zauren don na bene ya ji daidai da na ƙasa. Da la'asar, kafin kowa ya shigo, an gwada komai ɗaya bayan ɗaya: babbar ganga ta ƙafa, ƙaramar ganga, jitar bas, jita, sannan murya. Ganguna kaɗai sukan ci makirfo takwas zuwa goma sha biyu. Injiniyan sauti yana zaune a tsakiyar 'yan kallo, ba a gefen dandamali ba, don ya ji abin da suke ji, kuma duk saitin da aka yi yana ajiye a cikin miksa, wato na'urar daidaita sauti. To da masu share fage sun sauka, sai ka ga mutum biyar ko shida cikin baƙaƙen kaya sun hau. Ba mai magana. Wannan ya naɗe waya, wancan ya turo gangunan da aka riga aka ɗaure a kan katako mai taya, wani ya durƙusa da ƙaramar tocila a baki yana manna jerin waƙoƙi a ƙasa kusa da ƙafar makirfo. Kowace waya da lambarta, kowace jita da madadinta a jingine an riga an saita ta, in tsirkiya ta tsinke a miƙo wata kafin baiti ya ƙare. In sun gama, ɗaya ya haska tocila sau biyu ko uku zuwa ga injiniya. Shi ke nan.

A gida fa? Sai zaure ya cika sannan a fara "helo, helo, wan-tu", makirfo ya yi ta kuwwa yana huda kunne. Wannan kuwwar ba aljani ba ne: makirfo ne ya fuskanci lasifika, yana ɗaukar sautin da ya fita yana mayarwa. A sa lasifikoki gaba da layin mawaƙa, a daina dunƙule kan makirfo da hannu, a rage ƙarfin shigarsa, yawancin matsalar ta kau. Ba kuɗi take ci ba, zuwa da wuri take buƙata. Haka janareta: ba a gwada shi da cikakken nauyin kaya sai an fara, ya shaƙe, a zauna a duhu.

Ƙarar dai gaskiya ce, kuma tana da illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni a 2022 cewa kada sauti a irin waɗannan wurare ya wuce desibel 100 a matsakaicin minti 15. Kiɗan rok kuwa a nan bakin yake yawo har awa biyu. Wanda ya fito kunnensa na ƙugi har gari ya waye, ya san ya yi wa kansa ɓarna. Maganin ɗan soso ne na toshe kunne: a murza shi ya sirance, a ja kunne sama, a cusa, a riƙe har ya kumbura. Gidaje da yawa suna bayarwa kyauta in ka tambaya. Wurin da sauti ya fi daɗi shi ne kusa da teburin injiniya. Gaban dandamali sai mai ƙarfi, don a nan matasa ke buɗe da'ira suna bangazar juna, kodayake da wani ya faɗi hannu goma ke ɗaga shi.

Tsakanin jama'a da dandamali akwai shingen ƙarfe, bayansa masu tsaro a tsaye suna fuskantar 'yan kallo, suna miƙa ruwa a kofi, suna ciro wanda numfashinsa ya ɗauke. Kada a ɗauka ba a samun kuskure. A Disamban 2022, a wasan mawaƙin Najeriya Asake a Brixton, jama'a sun yi dafifi a ƙofa, aka yi turmutsitsin da ya ci ran mutum biyu. An rufe gidan sama da shekara guda, bai sake buɗewa ba sai Afrilun 2024, bisa sharuɗɗa 77. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rufewar. Mu sau nawa aka tattake mutane a wurin rabon kaya ko taro, aka ce ƙaddara ce, washegari aka ci gaba?

Abin haushi bai ƙare ba. Ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Ajiye riga kuɗi ne, gorar ruwa ta ninka farashin shago, sai dai doka ta tilasta wa duk mai sayar da giya ya ba da ruwan famfo kyauta, don haka a tambaya ba kunya. Giyar ita ce babbar damuwa ga irinmu. A filin ƙasa in waƙa ta yi zafi sukan wurga kofuna sama, ta zubo wa wanda bai ji ba bai gani ba, takalmi na manne wa daɓe. Mai gudun najasa ya sayi kujerar bene, layin baya.

Duk da wannan tsari, akwai lokacin da kewar gida ke kama mutum a tsakiyar mutum dubu uku. Makaɗin nan bai san kowa ba. Ba kirari, ba liƙi, ba sanƙira, ba mai ambaton sunan kakanka har tsigar jikinka ta tashi. Kalangu yana magana da mutum ɗaya a cikin taro, wannan kuwa bango ne na ƙara da ke faɗo wa kowa daidai. Shi ya sa ranar da masu jitar Agadez irin su Bombino suka zo gari, za ka ga 'yan Nijar da 'yan Arewa sun taru a gefe guda suna tafi irin na gida, wanda Turawan ke ta ƙoƙarin kamawa. Su ma ƙarfe sha ɗaya ake kunna musu fitila, su naɗe rawani su sauka, jama'a su bi ƙofofin gefe zuwa tashar bas cikin yayyafi.